Kafin ka ɗora inji a jikin motar mutane

Ƙannena, duk wanda ke bi ta Sharada ko Bompai a 'yan shekarun nan ya ga sana'o'in da suka mamaye gindin katangun kamfanoni: rumfunan wankin mota, garejin masu fenti, masu walda, masu gyaran adaidaita sahu. Bompai ce babbar yaya, tun zamanin Turawa aka fara kafa masana'antu a cikinta, kuma a can aka riƙa harhaɗa kekunan Raleigh da iyayenmu suka hau. Sharada da Challawa sun bunƙasa ne bayan kuɗin fetur ya shigo a shekarun 1970. Daga tsuke bakin aljihun 1986 zuwa matsalar wutar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kamfanoni da dama sun rufe ƙofa, waɗanda suka rage kuma, majemun fata da masu roba da masu lemo, ba za su iya ɗaukar ku duka ba. Saboda haka ban ga laifin saurayin da ya kalli bidiyo a TikTok, ya ga wani a Amurka ko Dubai ya mayar da koɗaɗɗiyar mota sabuwa dal, ya ce shi ma zai sayi injin folish ya fara a ƙofar gidansu ba. Sana'a ce, kuma akwai abinci a cikinta. Sai dai bidiyon minti ɗaya ba ya nuna maka abin da injin ya ci kafin sheƙin ya fito, kuma a kan wannan nake so mu yi magana.

Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani hawa-hawa ne. Da farko ana tsoma gangar jikin a ruwan maganin tsatsa, sai a fesa fentin ƙasa, sai launi, sai kuma a rufe da wani ruwa marar launi wanda idan ya bushe shi ne fatar sama. Wannan fatar ce take sheƙi, ita ce kuma ke tare wa launin zafin rana. Duka hawan huɗu idan aka haɗa, a yawancin motoci kaurinsu tsakanin maikiron 100 ne zuwa 180, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Fatar sama ita kaɗai ba ta cika wuce 35 zuwa 50 ba. Farar takardar da ake buga wasiƙa da ita a ofis kaurinta wajen 100 ne. Ka ɗauki guda ka murza a yatsa, ka raba kaurin nan biyu a zuciyarka. Iyakar abin da kake aiki a kansa ke nan.

To me folish yake yi? Ƙarce rami ne a cikin fatar nan, ɗan siriri ƙwarai. Idan haske ya faɗa cikinsa sai ya watse, ido ya ga dishi-dishi. Man guga yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu kaifi, inji yana murza su, suna zaftare fatar da ke kewaye da ramin har ta sauko daidai da gindinsa. Ramin bai cika ba, gefensa ne aka rage. Ka lura da wuƙar mahauci a kwata: kullum aka wasa ta sai ta yi kaifi ta yi haske, amma bayan shekaru za ka tarar ta tsuke ta zama siririya, don duk wasawa da abin da take tafiya da shi. Bambancin kawai, mahauci yana sayen wata wuƙar da kuɗi kaɗan, mai mota kuwa sai dai a sake fesa masa fenti, kuma fentin gareji da wuya ya kamo na kamfani. Idan fatar ta yi siriri, ranar Kano ba ta raga mata. Fararen tabon nan da kuke gani a rufi da bonet na tsofaffin Corolla da Golf, inda fenti ke saɓulewa, fatar sama ce ta mutu. Wasu rana ce ta kashe su a hankali. Wasu kuwa hannun mai folish ne ya gaggauta musu.

Shi ya sa a ganina gwanin wannan aiki shi ne wanda ya fi kowa rowar fenti. Kuma rowar tana farawa tun daga bokiti, kafin a zo maganar inji.

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana kwaso mana ƙura daga Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda a zamanin da can ruwan tafki ya kwanta. A cikin ƙurar nan da ta titunanmu akwai ɓurɓushin yashi wanda ya fi gilashi tauri, balle fenti. Yanzu ka tuna abin da ake yi a kusan kowane gida da safe. Direba ko maigadi ko yaron gida ya ɗauko tsohuwar singileti, ya kakkaɓe motar, ya goge ta a bushe, yana ganin ya kyauta wa maigida. Samfefa ya bi ta da ita bai sani ba. Zanen nan mai zagaye-zagaye da kake gani a jikin baƙar mota idan rana ta haska ta, mafi yawansa daga nan ya fito, da kuma soso guda ɗaya da aka wanke taya da shi aka dawo da shi kan ƙofa.

Wankin da ba ya ƙarce bai da wani sirri. A fara kwarara ruwa har ƙurar ta sauka da kanta kafin hannu ya taɓa jiki. Bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso duk lokacin da aka gama wani sashe, don yashin ya zauna a can. Daga sama a sauko ƙasa, tayoyi da ƙasan ƙofofi da nasu soson daban. Tawul mai laushi irin na maikirofaiba, wanda idan ya faɗi ƙasa ya tashi daga aiki sai an wanke shi. Omo da danginsa na wankin tufafi ne, suna wanke duk kakin da aka shafa wa mota, suna busar da robobin bakin gilashi. Sannan a inuwa, da sassafe ko bayan la'asar. A watan Afrilu, da zafin Kano ke haura digiri 40, bonet ɗin baƙar mota da ta tsaya a rana yana iya kai wa 70. Ruwan rijiyar burtsatse ko na 'yan garuwa idan ya bushe a kan ƙarfe mai wannan zafi, gishirin cikinsa yana barin ɗigo-ɗigon da wani lokaci sai ya ci cikin fatar.

Ku da ke aiki a yankin masana'antu kuna da ƙarin abokan gaba da mai wanki a Nasarawa GRA bai cika haɗuwa da su ba. Tartsatsin giranda na mai walda ƙarfe ne mai zafi, yana sauka ya lafe a fenti, ya yi tsatsa a wurin. A jikin farar mota za ka gan shi, ƙananan ɗigo masu ruwan ƙasa. Ga hayaƙin tirela da na manyan janareto, ga ƙurar siminti, ga feshin mai fenti na maƙwabta da iska ke kawowa tun da a fili yake fesawa. Bayan ka wanke mota tas, ka sa hannunka a cikin siririyar leda ka shafa jikinta a hankali. Idan ka ji gurzi-gurzi, to akwai abin da sabulu bai cire ba. Akwai wata laka ta roba da aka yi don wannan, daga Japan aka fara fito da ita, ana jiƙa wurin da ruwan sabulu a bi da ita tana tsince su. Wanda ya tsallake wannan mataki ya ɗora inji, soson zai kwashi ɓurɓushin ƙarfen ya zagaya da shi ko'ina.

Abu na gaba, ka san motar da ke gabanka. Mafi yawan motocin da ke yawo a Kano ba sababbi aka sayo su ba. 'Yan Kwatano ne da na tashar Legas, kuma da yawa daga cikin na Amurka a gwanjon motocin da suka yi hatsari aka saye su, aka buge, aka cike da fila, aka fesa, suka iso wurin dillali suna walƙiya. Mota ɗaya kan iya ɗaukar fenti iri uku: ƙofa ta kamfani, bonet na wani gareji a Legas, bamba ta wani a nan gida. Kowanne da taurinsa, kowanne da yadda yake amsa inji. Akwai 'yar na'urar auna kaurin fenti, ba ta fi wayar hannu girma ba, kuma ina ganin ta fi cancanta ka fara saya kafin inji na biyu. Idan sauran jiki yana nuna 120, wata ƙofa ta nuna 300, an sake fesa ta. Idan ta haura 1,000, fila ce a ƙasa. Idan kuma wani wuri ya nuna 70 ko 80, wani ya riga ka cin rabonka, ka bi wurin da hannu kawai. Ka sani dai na'urar jimillar hawan duka take faɗa, ba kaurin fatar sama kaɗai ba. In ba ka da ita, ɗan maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana tona asirin fila mai kauri, don ba ya kamawa sosai a wurin, amma a roba da alminiyam ba ya aiki sam.

Akwai kuma motocin da ba su da fatar sama ko kaɗan, launi da sheƙi a haɗe suke. Haka tsofaffin Peugeot 504 da kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya cika ƙasar nan da su, haka wasu fararen motocin haya, haka yawancin adaidaita sahun da aka sake wa ruwan ɗorawa a gareji. Ka ɗiga man guga a farin ƙyalle ka murza a wani lungu. In ƙyallen ya ɗauki launin motar, irin wannan fentin ne. In kuwa motar mai fatar sama ce kuma kana tsakiyar aiki ka ga soso ya ɗauki launi, ka kashe inji, ka riga ka huda. Ƙarce kuma ka gwada shi da farce. Wanda farce ya maƙale a cikinsa ya yi zurfin da folish ba zai fitar ba, iyaka ka rage masa kaifi ya daina ɗaukar ido. Ka gaya wa mai motar haka tun kafin ku yi ciniki.

Yanzu inji. Na sha ganin samari sun ari girandar mai walda sun ɗaura mata soso. Kada ka yi. Ƙaramar giranda tana juyi wajen sau 11,000 a minti, injin folish mai juyi ɗaya kuwa tsakanin 600 ne zuwa 3,000, kuma gwanaye ba su cika kai shi ƙarshe ba. Da gudun giranda, kafin ka ƙifta ido fenti ya ƙone. Ko shi mai juyi ɗayan ba na ɗan koyo ba ne, don yana tara zafi a wuri guda. Akwai wani iri mai juyi biyu, yana zagayawa yana kuma karkarwa, in ka danne shi da yawa sai ya rage juyi da kansa. Ya fi jinkiri, amma yana yafe kuskure, da shi ya kamata ka fara. Idan ɗan'uwa zai aiko maka da inji daga Amurka, a duba jikinsa: wutarsu 120 ce, tamu 230, kana jona shi zai tashi aiki. Sannan yawancin injinan nan suna jan wat 700 zuwa 1,200, ƙaramin janareton nan na kunna fanka da talabijin ba zai ɗauka ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin fetur ɗin janareto ya zama abin da dole ka sa a lissafi, in ba haka ba ka yi wa mai gidan mai aiki. Wayar wuta mai tsiraici a kan siminti mai ruwa kuwa, ba sai na ce komai ba.

Kada motar mutum ta zama allon koyonka. Ka je Kofar Ruwa ka sayi tsohon bonet ko ƙofa a wurin masu kayan gwangwan, ka ɗora a kan benci. Ka ƙarce shi, ka goge, ka sake. Ka ƙona shi da gangan, don hannunka ya san yadda zafin yake kafin ɓarna ta auku, hancinka ya san ƙaurin. Kuɗin bonet ɗin nan bai kai rubu'in abin da za ka biya ba in ka ƙona ƙofar Alhaji.

Ranar aikin gaske, ka rufe robobi da tambari da bakin fitilu da salatef na takarda. Ka zaɓi wuri ɗaya ɗan kaɗan ka yi gwaji da man da ya fi laushi da soson da ya fi laushi. In sun yi aikin, shi ke nan, ba ka da hujjar hawa sama. In ba su yi ba, ka ƙara mataki ɗaya. Ɗigo uku ko huɗu sun isa, mai da yawa toshe soso yake yi. Ka ɗauki fili kamar kamu biyu a tsaye, kamu biyu a kwance, ka kwantar da soson gaba ɗaya, kada ka karkata shi, ka tafi a hankali, kowane layi yana hawa rabin na baya. Wayar a kafaɗa, kada ta riƙa dukan jikin mota. Bakin ƙofa da kan layin da ƙarfe ya lanƙwasa su ne inda fenti ya fi siriri, a nan ake yawan hudawa, ka kauce musu. Bamba roba ce, ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, ka rage gudu a kanta. Ka riƙa taɓa wurin da bayan hannu, in ya fi ƙarfin hannunka ya fi ƙarfin fenti. Ka riƙa tsabtace soso, ka kuma tanadi fiye da ɗaya. A lokacin hazo, in ba ka da rumfar da ke rufe, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka sake share kowane sashe kafin inji ya hau. Mota ɗaya kan ci wuni guda, wani lokaci biyu. Wanda ya ce zai yi maka ita kafin ka idar da sallar azahar, wani abu daban yake yi.

Wannan wani abu daban shi ne ya fi damuna. Akwai mayukan da ba sa cire ƙarce, cike shi suke yi da maiƙo na ɗan lokaci. Akwai masu shafa gas ko baƙin mai a jikin mota don ta yi ƙyalli a idon mai saye. Wanki biyu, komai ya dawo, har da ƙari, tun da maiƙo ƙura yake kira. Man birki ma kada ya kusanci fenti, cinye shi yake yi. Malamanmu sun sha karantar da mu hukuncin algus a kasuwa, kuma ban ga bambanci tsakanin mai ɓoye jiƙaƙƙen hatsi a ƙasan buhu da mai ɓoye ƙarce a ƙarƙashin maiƙo ba. Hanyar da za ka gane aikinka na gaskiya ne: bayan ka goge wuri, ka share shi da sifirit da aka sirka da ruwa, ka haska tocila a karkace. Abin da ka gani a lokacin shi ne abin da ka yi. Dillali zai zo maka wata rana ya ce a ɗan rufa wa mota asiri kafin mai saye ya iso. Kuɗinsa na hannu ne, amma Kano duk girmanta, labarin mai sana'a ba ya kwana.

Bayan guga sai kariya, don fatar da ka buɗe tsirara take. Kakin karnoba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a arewa maso gabashin Brazil, yana ba da sheƙi mai daɗin ido amma a zafinmu makonni yake yi. Na roba ya fi shi daɗewa. Ruwan siramik da ake yayi yanzu ya fi su duka, in na gaske ne kuma an shafa shi a wuri marar ƙura. Sai dai lambar 9H da ke jikin kwalbarsa ma'aunin taurin fensir ce, ba ta nufin yashi ba zai ƙarce shi ba, kada ka yi wa kowa wannan alkawari. Motar da aka fesa wa sabon fenti a bar ta aƙalla wata guda kafin a rufe ta da kaki, tana buƙatar ta gama fitar da sinadarinta. Ka kuma gargaɗi mai mota a kan abu biyu: lulluɓa tamfol a kan mota mai ƙura, da barin kashin tsuntsu ya kwana a jiki bayan an ajiye ta a gindin darbejiya.

Jikinka ma yana da haƙƙi. Ka sa takunkumi lokacin guga, ka kare idonka. In sana'ar ta kai ka ga fesa fenti mai haɗin biyu, wanda ake zuba wa maganin ƙarfi, ka sani yana ɗauke da sinadarin da ke jawo asma, kuma takunkumin ƙyalle ba ya tare shi. Ruwan wankinka kuma kada ya zama fitina ga maƙwabta. Rafin Salanta da na Getsi sun ɗauki abin da ya ishe su daga Sharada da Bompai, ga masu lambu suna ban ruwa a ƙasa. Ka haƙa ɗan rami ka zuba tsakuwa, tsohon mai kuma ka tara shi a jarka.

Kafin ka taɓa kowace mota ka zagaya ta tare da mai ita, ka ɗauki hoton duk tabo da wayarka, ku yarda a kan abin da zai fita da wanda ba zai fita ba. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta lambar mota, da ranar da ka goge ta, da man da ka yi amfani da shi, da abin da na'ura ta nuna a kowane sashe. Amfanin littafin zai bayyana da jajiberin Sallah, lokacin da wanda ka yi wa aiki mai kyau da ƙaramar Sallah zai dawo da babba ya ce a maimaita masa. Wata biyu da 'yan kwanaki ne tsakani. Ka buɗe shafin ka nuna masa, ka ce, “Ranka ya daɗe, motar nan wanki take so da kaki, in na sake ɗora mata inji yanzu na rage mata kwana.” Ka yi masa farashin wanki na wata-wata, ka sayar masa da tawul biyu da soso, sannan ka roƙe shi ya bar maka direbansa na rabin awa ka nuna masa yadda ake sauke ƙura da ruwa kafin a sa hannu.